Babi na Shida: Na Tudu da Na Gangare

Ruwan saman da ke sauka a cikin birnin Zariya ba ya daɗewa a inda ya faɗo. Yana zubowa daga indararon soraye, ya bi lunguna da kwatoci, wani ya tsaya a kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu tun kaka da kakanni, saura kuma ya fice ta gindin ganuwa ya nemi rafi. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Kuyambana zuwa Ƙofar Kona, makomarsa ɗaya ce, Galma. Kubanni ma, wadda ta taso daga wajajen Samaru ta raba Tudun Wada da Sabon Gari, can take juyewa. Galma ta miƙa wa kogin Kaduna, shi kuma ya gangara ta Shiroro da Zungeru, ya ratsa ƙasar Nufe, ya faɗa Kwara, wato kogin Neja, daura da Pategi. A Lakwaja Binuwai ta tarar da su, daga nan sai teku.

Amma ka kama hanyar Funtuwa, kafin ka yi nisa labari ya canza. A wajajen Funtuwa kogin Sakkwato ya samo tushe. Ruwan da ya sauka a can arewa maso yamma yake nufa, ya bi ta Gusau da Bakolori, ya haɗu da Rima kusa da birnin Shehu, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi kafin ya shiga Kwara. In kuwa hanyar Kano ka bi, da ka shiga ƙasar Kano ruwan ya juya wa teku baya ke nan gaba ɗaya. Calawa da kogin Kano za su kwashe shi su kai Wudil, daga nan Haɗeja, daga nan Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya yi iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a yankin Difa, ya ƙare a Tafkin Chadi.

Wannan tudu da Zazzau da maƙwabtanta ke kai kamar rufin soro yake mai indararo uku, kowanne da gidan da ya fuskanta. Duk wanda ya tashi a cikin birni kuwa ya san rigimar indararo: mai soro ba ya jin komai, wanda ruwan ke zuba a gindin katangarsa shi ke kwana da ido biyu. Mutanen tudu ne mu. Ruwa daga wajenmu yake tafiya, ba kasafai yake zuwa mana daga hannun wani ba, shi ya sa maganar rabon kogi tsakanin ƙasashe take yi mana kama da zancen da bai shafe mu ba.

Ta wani gefen haka ne. Ruwan Galma ba ya ƙetare iyakar ƙasa ko sau ɗaya, a Najeriya yake faɗowa, a Najeriya yake shiga teku. Sai dai famfon da ke tsakar gida a Unguwar Juma ko Limancin Kona ba da ruwan Galma kaɗai yake aiki ba. Tun matatar farko ta 1939, da ta 1975, har zuwa babbar da aka buɗe a 2017 mai iya tace lita miliyan 150 a rana, duk da wutar lantarki ake tura ruwan cikin gari. Ranar da babu wuta, kurar 'yan ga-ruwa ce ke cika lungu da jarkoki. Wani kaso mai kauri na wutar ƙasar nan kuwa daga madatsun ruwa yake fitowa: Kainji da aka gama a 1968 mai ƙarfin megawat 760, Jebba a 1985, Shiroro a 1990 mai megawat 600, sai Zungeru ta baya-bayan nan mai megawat 700. Biyun ƙarshe a kan kogin Kaduna suke, da ruwanmu suke juyawa. Biyun farko a kan Kwara suke, kuma rabonsu yana hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan dutsen Kufena na Zariya ba.

Kwara kogi ne mai tafiyar ban mamaki. A tsaunukan Gini yake tasowa, kilomita 240 kacal daga tekun Atlantika, amma maimakon ya gangara can, sai ya nufi hamada. Ya bi ta Bamako da Segu, ya bazu a wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, inda rana da ƙasa ke shanye kusan kashi 40 cikin 100 na ruwansa, ya taɓa gefen Tumbuktu, ya karya kwana ya bi ta Gawo da Yamai, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi. Tafiyar duka kimanin kilomita 4,200 ce. Saboda wannan dogon zagaye, masuntan Yawuri suna ganin cikar kogi sau biyu a shekara. Ta farko a tsakiyar damina take zuwa, ruwa ne mai laka na yankunan kusa. Ta biyu kuwa sai cikin sanyin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka a ƙasar Hausa. Wannan shi ne ruwan daminar Gini, ya kwashe watanni yana hanya, ya zubar da lakarsa a fadamar Mali, ya iso garau. Shi ke riƙe tafkin Kainji har bazara. Duk abin da aka yi masa a Gini, ko a madatsar Selinge, ko a gonakin shinkafa da rake da madatsar Markala ke shayarwa tun 1947, mai injin niƙa a Zariya zai ji a jikinsa cikin watan Afrilu, ko da bai san dalili ba.

Turawa ne suka fara rubuta doka a kan kogin nan, a taron Balin na 1884 zuwa 1885, kuma abin da ya dame su shi ne jiragen kasuwancinsu su wuce ba tare da an tare su ba. Masu sha da masu noma da masu shayar da dabba ba sa cikin lissafi. Bayan samun 'yanci, ƙasashen kogin suka hallara a Yamai a Oktoban 1963 suka soke wancan tsari, a 1964 suka kafa hukumar haɗin gwiwa. A Nuwamban 1980, a garin Farana na Gini, kusa da mafarin kogin, aka sake mata fasali ta zama Hukumar Raya Kogin Neja da muka sani yau, mai hedikwata a Yamai da ƙasashe tara: Gini, Mali, Nijar, Benin, Najeriya, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Kamaru da Chadi. Fiye da mutum miliyan 100 ke rayuwa a yankin da kogin da rassansa ke shayarwa, mafi yawansu a Najeriya.

Shekaru da dama hukumar ta yi tana nan kamar ba ta nan. Ƙasashe ba sa biyan kuɗin da aka yanka musu, kowa yana gina abinsa shi kaɗai. Fari ne ya tashe su. A Yunin 1985 Kwara ta daina gudu a Yamai, mutane suka ƙetare ta da ƙafa a gaban babban birnin ƙasa. Duk da haka sai a taron shugabanni na Abuja a 2002 aka amince cewa dole a zauna a tsara makomar kogin tare, aka ƙarfafa maganar a Faris a 2004, sannan a ranar 30 ga Afrilun 2008 aka sa hannu a Yamai kan kundin dokar ruwan kogin. Kundin ya wajabta wa duk ƙasar da za ta yi babban aiki a kan kogin ta sanar da saura tukuna, ya kuma sa ruwan shan mutane gaba da kowace bukata. A wannan taron ne aka amince da manyan madatsu uku: Fomi a Gini, Tausa a Mali, Kandaji a Nijar.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, abin da ya riƙe zumunci tsakanin Najeriya da Nijar a kan Kwara tsawon shekaru ba takardun hukumar ba ne. Waya ce. Tun 1976 layin lantarki ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wani ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Har aka kai lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Jami'an Najeriya sun sha bayyana dalili a bainar jama'a, musamman idan talakawa suka yi ƙorafin yadda ake sayar wa maƙwabta wuta alhali gida na duhu: ana ba su wuta ne don kada su tare kogin daga sama su kashe Kainji. Ciniki ne mai hikima. Na sama ya bar ruwa ya wuce, na ƙasa ya juya shi ya zama wuta ya mayar masa da kasonsa. Kowa ya ci riba daga ruwa guda, babu wanda aka ce ya yi haƙuri kawai don Allah.

Wannan cinikin ne aka karya a farkon Agustan 2023. Bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar a cikin takunkumin ECOWAS. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu, kuma waɗanda suka sha wuya su ne masu jinya a asibiti, da masu sayar da ƙanƙara, da teloli, da ɗalibai, ba masu bindiga ba. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, wuta ta koma, amma abin da aka koya wa Nijar ya riga ya zauna. Ni dai ina ganin wannan na cikin kurakurai mafi tsada da ƙasarmu ta yi a kan kogin nan, kuma ba sai mutum ya goyi bayan juyin mulki ba kafin ya ga haka. Wanda ya ba ka ruwa bisa alkawarin za ka ba shi wuta, ranar da ka nuna masa makunnin yana hannunka kai kaɗai, ka ba shi hujjar gina nasa. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Uku ke nan daga cikin tara na hukumar kogin, kuma biyu daga cikinsu, Mali da Nijar, su ke riƙe da mafi yawan tsakiyar Kwara.

Abin da ƙasashe ke ta lalube a ɗakunan taro, malaman zaure na birnin Zariya sun daɗe suna karantar da shi. Duk ɗalibin da ya sauke Muwaɗɗa ta Imamu Malik a Kona ko Juma ya wuce ta kan hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da ruwan wasu kwaruruka biyu na Madina. Ma'anarsa ita ce mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Malaman Malikiyya suka ƙara bayani cewa wannan fifiko na na sama yana nan ne idan shi ya riga raya ƙasarsa. In na ƙasa ne ya riga, ba a yarda wani ya zo daga baya ya tare masa ruwa shukarsa ta mutu ba. Sama da duka kuma akwai haƙƙin mai ƙishirwa, mutum ko dabba, wanda ba a hana shi sha don a shayar da shuka.

A duba yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ƙasashe ke tarayya a kansu, wadda ta fara aiki a 2014, kuma Najeriya da Nijar duk sun shiga. Ginshiƙanta su ne amfani da ruwa bisa adalci, da kauce wa cutar da maƙwabci, da sanar da shi kafin a yi aikin da zai shafe shi, da fifita bukatar ran ɗan'adam. An kwashe fiye da shekara ashirin ana tsara ta, saboda ƙasashen tudu suna jan magana wajen haƙƙinsu na amfani, na gangare suna ja wajen kada a cuce su. Hukuncin Madina ya ba kowane ɓangare nasa, ya kuma zo da abin da yarjejeniyoyi da yawa suka rasa, wato ma'auni. Idon sawu abu ne da kowa ke gani. Na ƙasa ba ya bukatar ya yarda da rantsuwar na sama, zai iya zuwa ya tsaya a cikin gonar ya duba ƙafarsa. A nan ne nake ganin zuciyar maganar take. Adalcin da ba a auna shi da abin da ɓangarori biyu za su iya gani da idonsu, fatan alheri ne kawai.

'Yan lambun da ke bakin ƙananan rafukan da ke shiga Galma sun san wannan a aikace. Da can da jigo ake ɗebo ruwa, ƙarfin mutum shi ne iyakar abin da zai ɗiba. Yanzu injin ban-ruwa ne, kuma idan bazara ta kama, rafi ya koma gurbi-gurbi, sai ka ga na sama ya jera buhunan yashi ya tare. Na ƙasa ba ya fara da kai ƙara. Takawa yake yi ya je ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a taimaka a sassauta mana, albasa ta fara kwanciya." Sau da yawa amsar ita ce, "To ɗana, bari in gama wannan fangalin, da la'asar naku ne." In abin ya ƙi, akwai sarkin noma, akwai mai unguwa. Tsarin yana tafiya ne don sun san juna, za su haɗu a masallaci da wajen jana'iza, kuma wanda yake sama a yau ya san akwai wani a samansa.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da Najeriya ke yawan mantawa. Mun saba ɗaukar kanmu 'yan gangare, waɗanda ake cuta: Kandaji za ta rage mana ruwa, madatsar Lagdo ta Kamaru tana sako mana ambaliya. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A je Jibiya a gani.

Gulbin Maraɗi a ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada. Yana ƙetare iyaka a wajajen Jibiya, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, ya yi baka ya dawo Najeriya ya shiga Rima. Gulbi ne na damina, ba ya gudu duk shekara, amma idan ya cika ya malala a fadama, danshin da ya bari shi ake nomawa da rani, shi ke cika rijiyoyi, shi ke ciyar da kurmi da makiyaya. Mutanen da ke bakinsa a hayin can kuwa ba baƙi ba ne. Sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, kamar yadda zuriyar Haɓen Zazzau suka yi kudu suka kafa Abuja ta farko, wadda yau ake kira Suleja. Bazazzagi ya fi kowa gane irin wannan dangantaka: gida ɗaya ne tarihi ya raba, daga baya Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani. Tsohon garin Maraɗi ma a cikin kwarin gulbin yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka koma kan tudu.

A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta gina madatsar Jibiya a kan Gada, 'yan kilomitoci kafin iyaka, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, don noman rani da ruwan sha. Bukata ce ta gaskiya, mutanen Jibiya ba su yi laifi ba don sun so noma da rani. Amma daga lokacin manoman ƙasar Maraɗi suke kukan cewa gulbi ba ya zuwa yadda ya saba, malalarsa ta ragu, fadama na bushewa da wuri. A nan mu ne na sama, Nijar ce ta ƙasa. Wani abin lura kuma, da yake gulbin yana dawowa gida, abin da ya rage bayan Maraɗi mutanen Sabon Birni da Goronyo ne ke jiransa. Najeriya ce sama, ita ce kuma ƙasa, a kan gulbi guda.

Ba a rasa takarda ba. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai. A ranar 18 ga Yulin 1990, zamanin Janar Babangida da Janar Ali Saibou, ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai bisa adalci, kuma ta ambaci wurare huɗu da sunansu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Yarjejeniya ce mai kyau, ta riga ta Majalisar Ɗinkin Duniya da shekara bakwai. Abin da manomin Madarumfa ke bukata dai bai wuce abu biyu ba: ya san ranar da za a buɗe ƙofar dam, ya san yawan abin da za a saki. Muddin waɗannan biyun ba su zama sanannen abu da ake shelantawa kowace shekara ba, yarjejeniyar tana ofis, ba ta iso fadama ba.

Haka labarin yake a gabas, sai dai ya fi girma. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Calawa a 1992 sun raya noman Kadawa da Kura, sun shayar da birnin Kano, amma sun rage malalar da ke raya dausayin Haɗeja da Nguru, suka bar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, abin da ke isa Yobe da Difa ya ragu. Sai a 2006 gwamnonin jihohin yankin suka zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da kogin. Tafkin Chadi kansa, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, lokacin da aka kafa hukumarsa a 1964, ya ƙanƙance zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a farin shekarun 1980. Fari ne babban dalili, amma madatsu ba su taimaka ba.

Batun Lagdo ba ya bukatar dogon bayani. Kamaru ta gama ta a 1982 a kan Binuwai, kudu da Garwa. An tsara Najeriya za ta gina tata a Dasin Hausa a jihar Adamawa don ta tare abin da aka sako, har yau ba a gina ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Duk shekara sunan Lagdo ake kira, alhali ma'aikatar ruwa ta Najeriya da kanta ta bayyana cewa mafi yawan ruwan daga saman da ya sauka a cikin gida ne da rassan Binuwai irin su Gongola da Taraba da Katsina-Ala. Abin da ya canza, kuma ya cancanci yabo, shi ne yanzu Kamaru tana aiko da sanarwa kafin ta buɗe ƙofofi. Saƙo ɗaya da ya iso kan lokaci yana ceton rayukan da siminti bai ceta ba, in har ya wuce teburin Abuja ya kai kunnen mai gona a Numan da Makurɗi.

In ana neman inda abin ya yi kyau, ba sai an tafi Turai ba. A 1972 Mali da Muritaniya da Sanagal suka kafa ƙungiyar raya kogin Sanagal, Gini ta shigo a 2006. Abin da suka yi daban shi ne sun mallaki madatsun tare. Manantali a cikin Mali take, Diyama kuma a bakin teku tsakanin Sanagal da Muritaniya, amma a doka dukiyar ƙasashen ce gaba ɗaya. Tare suka ci bashin ginawa, suka raba biyan gwargwadon amfanin kowa. Wutar Manantali an yanka ta a rubuce: Mali kashi 52, Sanagal 33, Muritaniya 15. A 1989 rikici ya ɓarke tsakanin Sanagal da Muritaniya, aka zubar da jini, aka kori dubban mutane, aka yanke hulɗar jakadanci har 1992, amma ƙungiyar kogin ba ta rushe ba. Ba aljanna ba ce. Bayan Diyama cutar tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakin kogi, masu noman fadama da yawa sun yi asara. Amma babu ƙasar da za ta kashe wa 'yar'uwarta wuta daga Manantali, domin ba tata ba ce ita kaɗai. A kwatanta da Nilu, inda yarjejeniyar 1959 ta raba ruwa tsakanin Masar da Sudan ba tare da Habasha ba, ƙasar da mafi yawan ruwan ke fitowa daga cikinta. Habasha ta gina babbar madatsarta ba da yardar Masar ba, ta buɗe ta a Satumban 2025, kuma har yau ana zaman doya da manja.

Jarrabawar da ke gabanmu ita ce Kandaji. Tana arewa da Tilaberi, kimanin kilomita 180 daga Yamai. An aza harsashinta a 2008, aiki ya yi ta tsayawa yana tashi, aka sake kama shi a 2019. An tsara ta ba da megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma tabbatar da cewa ko a tsakiyar bazara ruwan da ke wucewa ta Yamai bai gaza kubik mita 120 a daƙiƙa ba, don kada abin da ya faru a 1985 ya maimaitu. Ruwan da tafkinta zai ɗauka kimanin kashi ɗaya cikin goma ne na tafkin Kainji. Ban ga hujjar da Najeriya za ta tsaya a kai ta ce kada Nijar ta gina ba, mu da muka tashi mutum sama da 40,000 muka nutsar da tsohon garin Busa don mu sami Kainji. Abin tsoro shi ne jimillar abin da za a ɗiba idan Fomi da Tausa da Kandaji da faɗaɗa gonakin Markala suka haɗu, kowa yana lissafin kansa, a shekarar da damina ta gaza a Gini.

Saboda haka abin da ya kamata mu nema a fili yake, kuma sai mun fara bayarwa kafin mu roƙa. A buɗe alƙaluman ma'aunan ruwa na Jibiya da Tiga da Goronyo, a riƙa karanta su da Hausa a rediyon Katsina da Maraɗi kamar yadda ake karanta farashin hatsi. A tsayar da ranakun sakin ruwan Jibiya kafin kowace kaka, a zaman da manoman ɓangarorin biyu da hakimansu za su halarta, ba jami'ai kaɗai ba. A rubuta a yarjejeniya cewa wayar Birnin Kebbi da ta Katsina ba sa cikin abin da takunkumi ke taɓawa, ko wa ke mulki a Yamai ko Abuja. Masu iya wannan aiki muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta daɗe tana yaye injiniyoyin ruwa, cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan Mando a Kaduna, kuma 'yan Nijar da yawa a makarantun Zariya suka yi karatu, na zaure da na boko. Da harshe ɗaya za a yi zaman, ba a bukatar tafinta.

Wanda ya yi haka a Jibiya shi ke da bakin zuwa Yamai ya tambayi yadda za a cika tafkin Kandaji: a wane wata za a fara tarewa, nawa za a bari ya wuce zuwa Gaya da Yawuri a lokacin, me za a yi idan shekarar ta zo da fari, kuma wa zai tsaya a bakin ma'auni daga kowane ɓangare ya karanta. Waɗannan tambayoyi suna bukatar amsa a rubuce, da sa hannun ƙasashen biyu, kafin ranar da za a rufe ƙofar farko ta madatsar.